Tashar Harshenka, Amma Hoton Bai Iso Gidanka Ba

A ranar 31 ga Oktoba, 1996, ƙasar Ailan ta buɗe Teilifís na Gaeilge, tashar talabijin mai watsa shiri da harshenta na gado, wanda Ingilishi ya daɗe da dannewa. An kafa hedikwatarta a Baile na hAbhann, a yammacin ƙasar, tsakiyar masu jin harshen. Amma gidaje da dama a yankin ba su ga komai ba sai yayyafin ƙura a allo. Tashar tana tafiya ne a zangon UHF, alhali eriyar da ke kan rufin jama'a ta VHF ce, ga kuma tsaunuka da suka tare hanya. Waɗanda aka gina tashar dominsu sai da suka sayi sabuwar eriya kafin su kalle ta.

Mutumin Jahun ko Kiyawa ba zai ji wannan labari baƙo ba. A Dutse akwai gidan talabijin na jiha, JTV, akwai kuma reshen NTA. Sai dai saƙon talabijin ba ya ratsa tudu da kwari kamar na rediyo mai matsakaicin zango. Miƙewa yake yi, kusan iyakar abin da dogon ƙarfen tashar ke hangowa. Duwatsun da suka ba babban birninmu suna kansu shinge ne. Shi ya sa za ka ga magidanci ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, yaro na juyawa a waje, na cikin ɗaki na cewa "tsaya nan, ya ɗan fito".

Da jama'a suka gaji, sai suka koma tauraron ɗan Adam. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, faranti ya yawaita a kan rufin kwano da na soro, domin Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Ban ga laifin kowa ba. Amma faranti na kawo Hausar Kano da labarin duniya. Da wuya ya kawo zaman majalisar dokokin Jigawa, ko gargaɗin ambaliya ga manomin Miga da Ringim, ko farashin riɗi a kasuwar Shuwarin. Wannan aikin tashar gida ne, ita kuwa ba ta isa ko'ina.

An ce komawa tsarin dijital zai warware matsalar. Nijeriya ta wuce wa'adin duniya na 17 ga Yuni, 2015, ta fara a Jos a 2016, ta iso Kaduna a 2017, Kano a 2021. Ko da ya game Jigawa, dijital ba shi da sassauci: tsohon tsari yakan ba ka hoto dishi-dishi, sabon kuwa ko tangararau ko babu. Ga kuɗin dikoda, ga rashin wuta.

Gwamnatoci sun fi son kashe kuɗi a ginin da za a yanke masa kyalle, alhali ƙananan tashoshin ƙara zango, masu aiki da hasken rana, su ne ke kai hoto ƙauye. Ya kamata majalisar jiha, kafin ta amince da kasafin JTV na gaba, ta nemi taswirar da ke nuna inda ake kama tashar a ƙananan hukumomi 27, a kuma ɗora ta a tauraron da farantan jama'a suka riga suka fuskanta.