Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Farm Centre: Tarihin Da Muke Furtawa Ba Mu Sani Ba

Wata Asabar da ta gabata wayata ta daina caji, sai na tari adaidaita-sahu a bakin titin Zariya, daidai Gyaɗi-Gyaɗi, na ce a kai ni kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni. Direban matashi ne, da wuya idan ya haura shekara ashirin. Muna cikin cunkoso na tambaye shi ko ya san dalilin da ya sa ake kiran abin hawan da yake neman abinci da shi da wannan suna. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai haka muka taso muka ji ana faɗa." Ban ga laifinsa ba, domin lokacin da aka raɗa sunan wataƙila ko goyonsa ba a fara ba.

Asalin maganar daga masallaci take, ita ce abin da liman kan faɗa kafin ya tayar da kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, wadda ta mulki Kano daga 2003 zuwa 2011, ta ari kalmar ta sanya wa shirinta na gyaran tarbiyyar jama'a. Da aka shigo da babura masu ƙafa uku, musamman domin ɗaukar mata, sai sunan shirin ya bi su. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin, masu ƙafa ukun suka gaje titi. Gwamnatin ta shuɗe, shirin ya naɗe tabarmarsa, amma dubban mutane na ambaton sunansa kowace safiya. A wasu jihohin Keke Napep ake cewa, wanda shi ma sunan shirin yaƙi da talauci ne na zamanin Obasanjo. Ashe abin hawa guda ya riƙe tarihin gwamnatoci biyu.

Irin waɗannan ƙananan abubuwan ban mamaki nake so mu duba a yau, domin ina ganin ba ƙanana ba ne.

Mu fara da kuɗi. Wanda ya ce ba shi da ko sisin kwabo ya ambaci kuɗin Ingila har biyu. Sisi daga sunan tsabar kwabo shida ta Turawa aka samo shi, kwabo kuma daga kalmarsu ta jan ƙarfe, kamar yadda sule da fam suka fito daga bakinsu. An sauya kuɗi zuwa naira ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, amma dattawan kasuwa suka daɗe suna ciniki da fam, kuma jaka guda, wato fam ɗari, ta zama naira 200. A Maraɗi da Damagaram kuwa jaka sefa 1,000 ce, dala kuma sefa biyar. Anini, wanda goma daga cikinsa ne ke yin kwabo ɗaya, ya ɓace daga aljihu ya koma kafaɗar soja da ɗan sanda, inda ake cewa an ƙara wa hafsa anini. Takardar naira ashirin da ta fito a 1977 ta ɗauki sunan wanda hotonsa ke kanta, Murtala. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ita ma ta adana mana darajar kwabo a cikin sunanta.

Da na isa kasuwar, abin da na fara lura da shi sunanta ne. Ma'anarsa da Turanci cibiyar aikin gona, amma babu taki babu iri, sai gilasan waya da batura da yara masu gyara sun sunkuya a kan tebura. Haka sunayen yankin suke. Ƙauyen Alu mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Tarauni, birni ya haɗiye ta tuni, amma har gobe ƙauye ake ce mata. Gandun Albasa da ke kusa da titin Gidan Zu babu albasar da ake nomawa a cikinsa. Birni ya cinye gonakin, ya kasa cinye sunayensu.

Ita kanta kalmar waya abin dariya ce ga mai lura. Asalinta zaren ƙarfe, irin wanda Turawa suka ja a kan turaku domin aika saƙon tangarahu. Daga nan muka sami gidan waya da buga waya da wayar tarho. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, babu zare ko ɗaya a jikinta, amma ta gaji sunan. Haka jirgi, wanda a da na ruwa kaɗai aka sani. Da dogo ya iso Kano a 1911 aka ce jirgin ƙasa, da na farko ya sauka daga sararin samaniya a 1925 aka ce jirgin sama. Keke ya haifi keken ɗinki da keken rubutu. Manhaja da malamai suka sani a tsarin karatu ta koma abin da ake saukewa a waya.

Wadda ta fi burge ni ita ce faifai. Kakanninmu mata sun san shi da rufe ƙwarya da bakace. Da garmaho ya zo, Bahaushe ya dubi baƙin abin nan mai faɗi da kewaye ya ce ai wannan faifai ne. Sunan ya bi faifan sidi. Yau kuma ana cewa wani faifan bidiyo ya karaɗe shafukan sada zumunta, alhali babu abin da hannu zai taɓa, balle a ga kewayensa. Kalma guda ta taso daga madafa ta ratsa fasahohi uku ba ta gaji ba. Masu cewa Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyyar zamani ba ya kamata su tsaya a kan wannan misali.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Kalma tana tsira ne saboda baki yana ɗauke da ita kyauta. Abin da aka naɗa a faifai ko kaset ba shi da wannan gata.

A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda na wuce ta gabansa a wannan tafiya, Alhaji Mamman Shata ya rasu a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne, Allah Ya jiƙansa. A shekarar ce kuma mujallar Tauraruwa ta fito da sunan Kannywood, shekara uku kafin a fara jin Nollywood, abin da yawancin masu amfani da sunayen biyu ba su sani ba. Masana'antar da aka fi danganta farkonta da fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ta bunƙasa, ofisoshinta suka cika titin Gidan Zu, kiɗan fiyano ya ture kalangu gefe. Shata ya yi sa'a, an rubuta tarihinsa, masoyansa na tattara waƙoƙinsa. Ina makomar ɗaruruwan makaɗan da ba su kai shi suna ba? Ina finafinan kaset na shekarun 1990 da ba a juye su zuwa wata na'ura ba?

Bara na buɗe wani kwalin kaset da mahaifina ya bari. Fiye da rabinsu danshi da ƙura sun manne zarensu. A cikin waɗanda suka tsira akwai na wani makaɗin kukuma da aka ɗauka a wurin biki, babu suna babu shekara. Na kai wa dattawa uku, kowa ya ce ya san muryar, babu wanda ya tuna sunan. Mutumin da ya taɓa tara jama'a ya zama murya marar mai ita a cikin zamani guda.

A kasuwar wayar akwai matasa masu tura waƙoƙi da finafinai a katin waya. Na zauna wurin ɗayansu ina jiran gyara, na ga abin da ke cikin kwamfutarsa ya fi abin da na taɓa gani a ɗakin karatu ta wannan fanni. Sai dai babu kwanan wata, an rubuta waƙar wani da sunan wani, kuma ranar da kwamfutar ta lalace shi ke nan. Waɗannan yara, ba tare da sun nema ba, su ne ma'ajiyar al'adunmu na zamani, mu kuwa masu digiri mun bar musu aikin muna yi musu kallon 'yan kasuwa kawai.

Laifin namu ne, mu malamai. Wata ɗalibata ta taɓa kawo shawarar yin bincike a kan rubuce-rubucen da ake yi a bayan adaidaita-sahu, tana magana tana sunkuyar da kai kamar mai roƙon gafara, don tana zaton batun bai kai na jami'a ba. Mun koya musu cewa tarihi na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Amma ƙamus ɗin da Bargery ya wallafa a 1934, wanda har yau manazarta ke komawa gare shi, bai raina kalmar kasuwa ko ta madafa ba. Da ya tsaya a kan maganar fada kaɗai, da yau ba mu san yadda talaka ya yi magana a wancan zamani ba.

Abin da nake kira gare shi ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Kowane ɗalibi yana da na'urar naɗar murya a aljihunsa. Ya zauna da tsohon da ya san Tarauni tana gonaki, ya tambaye shi, ya rubuta sunansa da ranar da suka yi hirar. Wanda ke da kwalin kaset a gida ya nemi a juye masa kafin damina ta gaba. Sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu su karɓi irin waɗannan batutuwa hannu bibbiyu, su kuma nemi masu tura waƙoƙin nan a yi aiki tare wajen tantance suna da shekara.

An gyara wayata kafin la'asar. A hanyar komawa na sake hawa adaidaita-sahu, na ba sabon direban labarin sunan. Ya yi shiru, sannan ya ce zai tambayi mahaifinsa, wanda ya yi shekaru yana acaɓa, daga ina ita kuma waccan kalmar ta fito. Na roƙe shi idan ya tambaya ya naɗi amsar.