Idan ma'aunin mai ya yi ƙarya

Ƴan'uwa manoman rani na Ƙwanni, Malbaza da Illela, injin ban ruwa shi ne ran garkarmu. A shekarar 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, sai mai ya yi tsada a kasuwanninmu. Saboda haka wajibi ne mu san abin da ke cikin tankinmu. Idan ma'auni ya ruɗe mu, injin zai mutu ana tsakar ban ruwa, albasa ta kwana da ƙishirwa.

Yaya ma'auni yake aiki?

Cikin tanki akwai wata ƴar roba mai iska. Tana yawo bisa mai kamar goran masunta bisa ruwa. In mai ya cika, sai ta taso. In ya ragu, sai ta sauka. Motsinta ne ke juya allurar da muke dubawa. A mota, da tarakta, da jirgin ruwa mai inji, waya ce ke kai labarin ga allura.

Mi ke ɓata shi?

1. Robar ta huje, ta sha mai, ta nutse. Allura za ta nuna babu mai, alhali tanki cike yake.
2. Tsatsa ko dauɗa ta riƙe robar. Allura za ta tsaya wuri guda.
3. An aje injin a karkace bakin rijiya. Mai ya taru gefe ɗaya.
4. A mota, waya ta tsinke ko ta saki.

Mi za mu yi?

Mu kashe injin, mu bari ya huce, mu aje shi wuri mai daidai. Mu sami sanda mai tsabta. Tankin ƙaramin inji yana ɗaukar lita 3 zuwa 4. Ranar da ya ƙare, mu riƙa zuba rabin lita, muna tsoma sanda, muna yin shaida da wuƙa, har ya cika. Wannan sanda ba ta ƙarya. In ta saɓa da allura, mu kai injin wurin bakanike. Man kwalba kuwa, mu tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Hattara da lafiya!

Kada mu haska tanki da ashana ko fitilar ƙwai, domin tururin mai yana kama wuta nan take. Kada mu zuƙo mai da baki, yana iya faɗawa huhu. In yaro ya sha mai, kada mu sa shi amai. Mu gaggauta kai shi likita. Rigakafi ya fi magani.