Ruwan rini: yadda masana ke neman kashe gubarsa kafin ya kai rijiya

Duk wanda ya ratsa unguwannin da ake rinin shadda a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, ya san ruwan nan mai launin ja, shuɗi ko algashi da ke bin kwata. Wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya gangara tabkin da dabbobi ke sha. To, shin akwai hanyar kashe gubarsa?

A da, marina da baba da toka suke aiki, kamar yadda ake yi har yau a marinar Ƙofar Mata ta Kano. Galurar zamani kuwa ta samo asali ne a 1856, lokacin da wani saurayi ɗan Ingila mai suna William Perkin ya haɗa ta farko. An ƙera ta ne don kar ta koɗe, shi ya sa idan ta shiga ruwa ma ba ta saurin lalacewa. Tana tare hasken rana daga tsirran ruwa, kifi ya rasa iska. Wasu daga cikin galurar da ake kira azo kuma, in sun ruɓe, suna sakin sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Dalili ke nan Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da irinsu a tufafi a 2002.

Tace ruwa da gawayi na kama launin, amma gubar ta koma cikin gawayin ne kawai. Shi ya sa masana ke bin hanyoyi uku na farfasa ƙwayar galurar kanta.

Ta farko ita ce enzayim, wato sinadarin da halitta ke yi don hanzarta narkar da abu. Shi ne ke sa ganyen gwanda ya tausasa nama. Akwai wani mai suna lakes, da aka gano a Japan a 1883, wanda ake samu a naman gwarin da ke cin ruɓaɓɓen icce. Iskar da muke shaƙa kaɗai yake buƙata ya tsinka ƙwayar launi. Matsalarsa tsada, kuma zafi, gishiri da sodar da ke cikin ruwan rini na raunana shi.

Ta biyu, ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe masu kwaikwayon enzayim, da ake kira nanozayim. A 2007, masana a ƙasar Sin ƙarƙashin jagorancin Yan Xiyun suka gano cewa wani garin ƙarfe mai laushi, wanda ido ba ya ganin ƙwayarsa, yana irin wannan aiki. Ya fi enzayim jure zafi, kuma in an gama ana iya janye shi da mayen ƙarfe a sake aiki da shi.

Ta uku ita ce aiki da haske. Tun 1972 wasu masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, suka nuna ƙarfin sinadarin titaniyam dayokzayid, farar hodar nan da ake sa wa fenti. In haske ya buge ta cikin ruwa, tana haifar da wasu ƙwayoyi masu kaifi da ke ƙone galura. Ga ƙasa mai rana kamar Nijar, wannan abin dubawa ne. Sai dai kusan kashi 5 cikin 100 kawai na hasken rana take iya cin moriyarsa, kuma ruwa mai duhu sosai yana hana hasken ratsawa.

A nan sai a yi hattara: ɓacewar launi ba ita ce tsabtar ruwa ba. Ruwa na iya washewa tas alhali gutsattsarin gubar na ciki. Awo a ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatarwa. Kuma galibin waɗannan hanyoyi har yanzu a matakin gwaji suke.

Kafin su iso gare mu, akwai abin da ke hannunmu. Marina su sa safar hannu ta roba, su tara ruwan rini a rami mai daɓen siminti nesa da rijiya. Kar a zuba shi a lambu, kar a bari yara ko dabbobi su kusance shi, kuma kar a ɗebi ruwan sha da bokitin da aka yi rini a ciki.