Ɗan Ƙwallon Da Ya Maka UEFA a Kotu

A shekarar 1990 kwantiragin Jean-Marc Bosman da ƙungiyar RFC Liège ta Beljiyam ya ƙare. Ɗan wasan tsakiya ne mai shekara 25, ba kuma wani shahararre ba. Ƙungiyar ta ce za ta sabunta masa, amma albashinsa na wata zai faɗo daga faran 120,000 na Beljiyam zuwa 30,000. Ya ce bai yarda ba. Sai suka sa masa farashin da ya haura faran miliyan 11, babu wanda ya taya. Da kansa ya nemo Dunkerque, wata ƙungiya a rukuni na biyu a Faransa, har aka daidaita. Liège ta yi shakkar ko za a biya ta, ta ƙi neman takardar sallamarsa, ciniki ya watse, ta kuma dakatar da shi.

A dokar ƙwallo ta wancan zamani, ko kwantiraginka ya ƙare, ba ka isa ka tafi ba sai an biya tsohuwar ƙungiyarka. Wannan zalunci ne ƙarara: mutum ya gama aikin da aka ɗauke shi, amma igiya na nan a ƙafarsa.

To wa ya ba masu wannan doka iko? FIFA da UEFA, hukumomin ƙwallo na duniya da na Turai, ba gwamnati ba ne, ba kuma wata yarjejeniyar ƙasashe ce ta kafa su ba. Ƙungiyoyi ne masu zaman kansu a ƙarƙashin dokar Suwizalan, ƙarfinsu daga amincewar mambobinsu yake. Da Bosman ya kai ƙara kotu, nan lauyoyinsa, Luc Misson da Jean-Louis Dupont, suka kama. Suka ce ɗan ƙwallo ma'aikaci ne, kuma sashe na 48 na Yarjejeniyar Roma ya ba ma'aikacin Turai 'yancin neman aiki a kowace ƙasa ta Tarayyar Turai.

Shekara biyar ana fafatawa. Ranar 15 ga Disamba, 1995, Kotun Turai da ke Luzambag ta ba shi gaskiya. Ta soke kuɗin sauya sheƙa tsakanin ƙasashen Tarayyar ga wanda kwantiraginsa ya ƙare, ta kuma rushe ƙayyade yawan 'yan wasan ƙasashen Tarayyar a ƙungiya ɗaya.

Wasu ne suka ci moriyar. Edgar Davids ya bar Ajax zuwa Milan a 1996 ba a biya ko sisi ba, haka ma Steve McManaman ya koma Real Madrid a 1999. A Disambar 1999 Chelsea ta fito da 'yan wasa 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya, cikinsu har da Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna.

Shi kuwa Bosman, manyan ƙungiyoyi sun guje shi tun ana shari'a. Aurensa ya mutu, ya koma kwana a garejin gidan iyayensa, ya yi fama da giya da ciwon damuwa. Lokacin da hukunci ya fito yana da shekara 31, ƙwallonsa ta riga ta ƙare.