Wanda Ya Ji Kukan Mai Rauni, Ina Zai Kai Shi?

A ƙarshen watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, waɗansu da tabon bulala a gadon baya. Kuma kafin a yi wata guda aka sake samun irinsa a Daura. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, gidan nan ba a dokar daji yake ba, a tsakiyar jama'a yake, kuma da wuya a ce babu wanda ya taɓa jin kuka ta bayan katanga, ya girgiza kai, ya ce ba ruwana.

Mutanenmu suna da hujjar da suke fakewa da ita, wato tsoron giba da annamimanci da tonon asirin Musulmi, kuma tsoro ne mai asali a addini. Amma malamai sun daɗe da warware wannan mas'ala, domin Imam Nawawi, a cikin Riyadus Salihin, ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga cikinsu akwai kai ƙarar zalunci wurin mai iko, da neman taimako don gusar da munkari. Saboda haka wanda ya ga 'yar aiki ƙarama tana kwana da yunwa da ƙunar dutsen guga a hannu, ya kai maganarta inda ya dace, bai ci naman kowa ba, amana ya sauke.

Idan yaro ya buɗe baki ya gaya maka abin da aka yi masa, to, ka sani ya daɗe yana auna ka kafin ya zaɓe ka, don haka kada ka zabura da salati har ya tsorata ya haɗiye sauran, kada ka ce masa me ya kai ka ɗakin, kada kuma ka sa masa magana a baki. Ka saurara, ka ce masa ba laifinsa ba ne. Kada ka yi masa alkawarin cewa babu mai ji, gama alkawari ne da ba ka da ikon cikawa. Ka dai tabbatar masa ba za ka faɗa wa kowa ba sai mai iya taimakonsa. Sa'an nan ka rubuta kalmominsa yadda ya furta su, da rana da lokaci. Bincike ba naka ba ne, kuma tunkarar wanda ake tuhuma yakan ba shi damar tsoratar da yaron, ko ya gudu.

In fyaɗe ne, ba a wanke jiki ko tufafi don kada shaida ta ɓace, kuma asibiti ake fara nufa, domin maganin rigakafin cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shansa. Akwai cibiyar Waraka a Kano da cibiyoyin Salama a Kaduna saboda wannan. Daga nan sai 'yan sanda, ko ofishin jin daɗin jama'a, ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP. Dokar haƙƙin yara ta 2003 tana nan, Kano ma ta yi tata a 2023. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne sulhun zaure, inda ake karɓar kuɗin magani a ce a rufa wa juna asiri, yarinya ta ci gaba da gaida azzaluminta kowace safiya.

Sha'anin baligi kuwa ya ɗan bambanta. Matar da ake duka, muddin tana cikin hankalinta, sai a shawarce ta kafin a kai maganarta, sai fa in ana tsoron halakarta ko ta 'ya'yanta. Amma tsohon da ruɗewa ta kama ana cinye masa fansho, ko mai taɓin hankali da aka ɗaure a turke, ba su da bakin kai ƙara, maƙwabci ne zai kai musu.