Faifai da Na'ura: Me Ya Sa Wani Ba Ya Karɓar Wani?

Gabatarwa

A duk shekara idan kaka ta yi, aka sussuke gero da dawa, aka kai wake da gyaɗa kasuwar Dawanau, ɗan kuɗi yakan shigo hannun manoman Dawakin Tofa. A irin wannan lokaci ne magidanci kan yi tunanin sabunta kayan kallon gidansa, mai gidan kallo kuma ya fara shawarar sauya na'urar da yake nuna wa jama'a fim da ita. Daga shekarar 1990 zuwa yau, abin da ake zuba fim a cikinsa ya sauya kama har sau uku a ƙasar Kano: daga kaset zuwa faifan VCD, daga nan zuwa DVD, sa'an nan zuwa wayar hannu. A kowane sauyi akwai wanda ya wayi gari da tarin finafinan da sabuwar na'urarsa ba ta karɓa.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan kaya kuwa, an yi wata gagarumar gasa daga 2006 zuwa 2008 tsakanin faya-fayai iri biyu masu fitar da hoto garau, wato Blu-ray da HD DVD. Wannan maƙala za ta bayyana dalilan kimiyya da ke hana na'ura karanta faifan da ba nata ba, da kuma abubuwan da ya kamata mai saye ya auna kafin ya fitar da kuɗinsa.

Kasuwa ɗaya, ma'auni ɗaya

Ciniki ba ya yiwuwa a Dawanau sai mai saye da mai sayarwa sun yarda da kwanon da za a yi awo da shi. Haka abin yake a harkar bidiyo. Dole ne wanda ya naɗi hoto da na'urar da za ta nuna shi su kasance a kan ƙa'ida ɗaya.

An fara ganin illar rashin wannan yarjejeniya tun zamanin kaset. A 1975 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kaset mai suna Betamax, a 1976 kuma kamfanin JVC ya fito da VHS. Faɗin zaren da ke cikinsu ɗaya ne, rabin inci, amma girman kaset ɗin da yadda ake jera hoto a kan zaren sun sha bamban. Betamax na farko awa ɗaya kawai yake ɗauka, VHS kuwa awa biyu, wanda ya isa a zuba fim guda. Bugu da ƙari, JVC ya ba kamfanoni da yawa izinin ƙera na'urar, sai ta yi araha, shagunan hayar kaset suka cika da VHS. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera na'urar VHS.

Wannan ya zame wa Kano sa'a. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, rigimar ta riga ta mutu. Duk kaset ɗin da aka saro daga Ƙofar Wambai ko Bata zai yi aiki a kowace na'ura, a birni ko a Tumfafi ko a Kwa. Da a ce kaset iri biyu ne ke yawo a lokacin, da ƙaramin jarin masu shirya finafinan Hausa bai isa su buga kowane fim kashi biyu ba.

Duk da haka akwai wani saɓanin da ya rage, na tsarin launi. Gidajen talabijin na Nijeriya sun ɗauki tsarin PAL wanda aka ƙirƙiro a Jamus, Jamhuriyar Nijar ta ɗauki SECAM na Faransa, Amurka da Japan kuma suna kan NTSC. Saboda haka kaset ɗin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi yakan fito baƙi da fari a akwatin da PAL kaɗai ya sani. Wannan ne ya sa na'urori masu karɓar kowane tsari suka yi farin jini a wurin fatake da alhazai.

Yadda faifai ke riƙe hoto

Faifan CD, da DVD, da HD DVD, da Blu-ray duk faɗinsu ɗaya ne, santimita 12. To, ta yaya wani ya fi wani ɗaukar kaya? Manomin da ke zaune inda gonaki suka matsu ya san amsar. Tun da ba shi da halin faɗaɗa gonarsa, sai dai ya matse kunyoyi ya ƙara yawansu.

A jikin faifai akwai layi guda siriri wanda ya naɗe kamar gammo, ya taso daga tsakiya zuwa baki. A faifan CD tsawon wannan layi ya wuce kilomita 5. A kan layin an jera 'yan ramuka ƙanana ƙwarai. Na'ura tana harba tsinin hasken leza a kansu yayin da faifan ke juyawa, hasken ya dawo da ƙarfi ko da rauni, sai ta fassara wannan zuwa lambobin sifiri da ɗaya, ta mayar da su hoto da sauti.

Ana auna waɗannan abubuwa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. A faifan CD, wanda ya fito a 1982, tazarar kunya da kunya nanomita 1600 ce, ana kuma karanta shi da haske mai tsawon zango nanomita 780, wanda ido ba ya gani sosai. Yana ɗaukar kimanin megabait 700. A DVD, wanda ya fito a 1996, an matse tazarar zuwa 740, aka yi amfani da jan haske mai zango 650, sai ya ɗauki gigabait 4.7. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon gajartar zangon haske, gwargwadon sirantar tsinin da za a iya tattara shi. Shuɗin haske ya fi ja gajeren zango, amma samar da shi ya daɗe yana gagarar masana, sai a tsakiyar shekarun 1990 Shuji Nakamura na kamfanin Nichia ya yi nasarar haɗa leza mai irin wannan haske.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa na'urar DVD ba ta karanta Blu-ray. Tsinin jan haskenta ya yi kauri, yana hawa kunyoyi fiye da ɗaya a lokaci guda, kamar a ce za a yi noman rani a fangalin albasa da garmar shanu.

Gasar Blu-ray da HD DVD

Abin mamaki shi ne, faya-fayan nan biyu haske iri ɗaya suke amfani da shi, mai zango nanomita 405. Bambancinsu yana wurin zurfi. A HD DVD, wanda Toshiba ya jagoranta tare da goyon bayan NEC da Microsoft da Intel, ramukan suna can milimita 0.6 a ƙarƙashin fatar faifan, daidai da na DVD. Amfanin haka shi ne tsofaffin masana'antun DVD za su iya buga shi bayan ɗan gyara kaɗan. Tazarar kunyoyinsa nanomita 400 ce, yana ɗaukar gigabait 15 a shimfiɗa ɗaya. A Blu-ray kuwa, wanda Sony da Panasonic da Philips suka tsaya wa, an kawo ramukan kusa da fata, milimita 0.1 kacal, aka sa gilashi mai ƙarfin tattara haske. Tazararsa 320 ce, yana ɗaukar gigabait 25, amma sai an kafa masa sababbin injuna. Gilashin da aka saita don zurfi ɗaya ba ya ganin ɗayan da kyau.

Ba dole ba ne a yi wannan rigima. A 1995 an kusa yin irinta a kan DVD, amma kamfanonin kwamfuta suka matsa wa ɓangarorin biyu lamba har suka haɗu a kan tsari ɗaya. A wannan karon sulhu ya gagara. HD DVD ya shiga kasuwa a watan Maris na 2006, Blu-ray ya biyo baya a watan Yuni. Kamfanonin finafinai suka rabu: na Universal sai a HD DVD, na Disney da Fox sai a Blu-ray. Mai saye ya rasa tudun dafawa, da yawa suka ƙi sayen kowanne.

Abubuwa biyu suka raba gardama. Na farko, Sony ya sa Blu-ray a cikin na'urar wasan PlayStation 3 wadda ta fito a Nuwamba 2006, ta haka ya shiga miliyoyin gidaje. Na biyu, ranar 4 ga Janairu 2008 kamfanin Warner ya ba da sanarwar komawa Blu-ray kaɗai, manyan kantuna suka bi sahu. Ranar 19 ga Fabrairu 2008 Toshiba ya janye. Waɗanda suka yi gaggawar sayen HD DVD suka zauna da na'urar da ba a sake buga mata sabon fim ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da ya hana gasar isowa Dawakin Tofa

Finafinan Hausa sun koma faifan VCD a farkon shekarun 2000, daga baya DVD, amma ko ɗaya daga cikin faya-fayan nan biyu bai zama abin hawansu ba. Akwai dalilai.

Hoton bidiyo an gina shi ne da ɗigo-ɗigo. Na VCD ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Na DVD 720 da 576, jimla 414,720. Na Blu-ray 1920 da 1080, jimla 2,073,600, wato ninki biyar cif na DVD. To amma tsohon akwatin talabijin mai ƙusumbi layi 576 kaɗai yake iya nunawa. Ko an haɗa masa Blu-ray, ba zai ba da abin da ba shi da shi ba. Wanda zai ci moriyar sabon faifai sai ya sayi na'ura, da sabon akwati, da wayar HDMI, ga kuma man janareta.

Ido ma yana da iyaka. Lafiyayyen ido yana rarrabe abubuwa biyu idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri. Idan aka yi lissafi da wannan, za a ga cewa layukan hoto mai 1080 suna rarrabuwa ne ga wanda bai wuce nisan tsayin allon sau uku ba, mai 576 sau shida, mai 288 kuma sau goma sha biyu. Akwati mai inci 21 tsayin allonsa kimanin santimita 32 ne. Ashe ke nan wanda ke zaune a benci mita biyu daga akwatin ba zai ƙaru da komai ba idan aka wuce DVD, na sahun baya a mita huɗu kuwa layukan VCD ma sun kusa isarsa. Ɗalibai, irin na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa wadda aka kafa a 1977, za su iya maimaita wannan lissafi da awon akwatin gidajensu.

Dalili na uku shi ne buƙatar kasuwa. Mai kallo ya fi son yawa da araha. Shi ya sa faifan DVD da aka danƙara wa finafinai goma ko ashirin ya yi kasuwa, ko da yake an matse hoton har ya dusashe. Wasu ma akan buga musu tambarin Blu-ray a kwali, alhali jan haske ne ke karanta su. Kafin farashin Blu-ray ya sauko, wayar hannu da katin ajiya sun riga sun iso. Shagunan tura finafinai suka maye gurbin na haya, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango kuma suka koma YouTube.

Abin aunawa kafin a saya

Daga wannan tarihi za a iya fitar da tambayoyi huɗu. Ta farko: sabuwar na'urar tana karɓar abin da aka riga aka tara? Na'urar Blu-ray tana karanta DVD domin an sa mata jan haske tare da shuɗi, amma ba kowace ce ke nuna VCD ba, alhali finafinan Hausa masu yawa a kansa suka fito.

Ta biyu: daga ina aka kawo ta? An raba duniya shiyya-shiyya don kulle faya-fayai. A tsarin DVD, Nijeriya da Indiya suna shiyya ta 5, Saudiyya da Turai ta 2, Amurka ta 1. A tsarin Blu-ray kuwa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suna shiyyar B, Indiya tana C, Amurka tana A. Har ila yau, kayan gwanjo da aka yi don Amurka wuta mai ƙarfin bolt 120 suke sha, ta Nijeriya kuwa 230 ce.

Ta uku: sauran kayan gidan sun kai? Hoto ba ya wuce ƙarfin abin da ya fi rauni tsakanin faifai, da na'ura, da waya, da akwati, da nisan mai kallo.

Ta huɗu: me maƙwabta ke amfani da shi? Darajar na'ura tana ƙaruwa da yawan masu irinta, domin a nan ne ake samun aro, da haya, da mai gyara, da kayan gyara. Idan manya biyu na takara, jira ba asara ba ne.

Kammalawa

Akwai wata asarar da ta fi ta kuɗi. A 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura da laima suna cinye shi sannu a hankali. Finafinan Hausa na shekarun 1990, da hotunan bukukuwa, da hawan salla, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da yawansu a kan kaset kaɗai suke. Ko zaren bai lalace ba, ranar da na'ura ta ƙarshe ta mutu a gari, abin da ke ciki ya zama kamar rumbun da aka jefa makullinsa a rijiya.

Maganin shi ne a kwafe su zuwa kwamfuta tun akwai sauran na'urori masu aiki, a ajiye kwafi a wurare biyu ko uku, a kuma riƙa sabunta ma'ajin duk lokacin da zamani ya juya. Wannan aiki ne da ƙungiyoyin kimiyya na makarantun sakandare za su iya farawa da kasa-kasan da ke jibge a akwatunan iyayensu. Da tsohuwar zuma ake magani.