Shagon da ke mutuwa tare da mai shi: abin koyi daga wasiyyar Zubairu bin Awwam

Akwai wani abu da muka saba gani a kasuwanninmu har ya daina ba mu mamaki. Mutum zai shafe shekara talatin yana gina kasuwanci, ya tashi daga tebur zuwa shago, daga shago zuwa sito da motoci, amma kafin a share makokinsa ƙofar shagon ta garƙame. Masu bin bashi sun taru babu takarda, waɗanda ake bi sun yi gum, lambar sirrin wayar da ake hada-hadar kuɗi kuwa ta bi mai ita kabari. Duk wanda ya kafa kasuwanci zai bar shi wata rana, ko ta hanyar sayarwa, ko tsufa, ko ajali. Sai dai mu a wurinmu, ɗan da ya tayar wa mahaifinsa da wannan magana, mugun fata za a ce yana yi.

Sahabbai ba haka suka ɗauke ta ba. Imamu Bukhari ya ruwaito cewa a ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu bin Awwam, Allah Ya yarda da shi, ya kira ɗansa Abdullahi gefe, ya shaida masa cewa yana jin ba zai wuce wannan rana ba, kuma babu abin da ya fi damun sa kamar bashin da ke kansa. Ya umarce shi ya sayar da kadarori ya biya, sannan ya yi wasiyya da sulusin abin da ya rage.

Asalin bashin shi ne abin lura. Mutane sukan kawo wa Zubairu ajiya, shi kuma sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya ce a mayar da ita rance, domin yana tsoron ta salwanta. Ajiya idan ta ɓace ba da sakaci ba, babu ramuwa a kan mai riƙon ta, amma rance wajibi ne a biya ko da me ya faru. Da haka ya tsare wa masu kuɗi haƙƙinsu, ya kuma sami halaccin juya dukiyar. Da aka ƙirga bayan rasuwarsa, bashin ya kai 2,200,000 na kuɗin wancan zamani, alhali bai bar tsabar dinari ko dirhami ba. Abin da ya bari filaye ne da gidaje: 11 a Madina, 2 a Basra, 1 a Kufa, 1 a Masar. Filinsa na Gaba da ke kusa da Madina, wanda ya saya a kan 170,000, an sayar da shi 1,600,000.

Shari'a ta riga ta tsara abin da ke biyo bayan mutuwar ɗan kasuwa: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Wakilcin da ya ba yaransa na shago ya ƙare da numfashinsa, tarayyar da ke tsakaninsa da abokin ciniki ma ta warware, sai idan magada sun amince a ci gaba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana, amma har yau da yawanmu a ka muke riƙe lissafi.

Kuskuren da muka fi yi shi ne na uban da zai ce ya bar wa babban ɗansa shago, tunda shi ya yi wahalarsa. Babu wasiyya ga magaji, sai da yardar sauran magada. Idan kuma kyauta yake nufi, dole ya yi ta yana da lafiya, ɗan ya karɓi abin a hannunsa, domin a mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta ɓaci. Wadda aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ko a halin lafiyar ma, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida sa'ad da mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya keɓe shi da kyauta ban da 'yan'uwansa.

A ganinmu mafita ita ce a raba mallaka da gudanarwa tun mai shi na raye. Ɗan da ya iya ciniki ya riƙe ragama a kan albashi sananne, dukiyar kuwa a mayar da ita hannun jari, ta yadda matar mamaci da 'ya'yansa mata za su gaji rabonsu su riƙa cin riba, ba tare da an kacaccala sito ba. A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, kuma kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, saɓanin rajistar sunan kasuwanci kawai. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a Kano a 1955, amma kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya ci gaba a hannun ɗansa Ahmadu, sannan daga 1960 ya koma hannun Alhaji Aminu, wanda ya rasu a watan Yunin 2025.

Wanda bai ga mai riƙewa a cikin zuriyarsa ba, babu laifi ya sayar tun kasuwancin na da daraja, muddin ya bayyana wa mai saye aibi da bashin da ke kai. Akwai kuma waƙafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, kuma kamar yadda attajirin Saudiyya Sulaiman Al-Rajhi ya raba dukiyarsa tsakanin iyalinsa da waƙafi tun yana raye.

Ko wace hanya aka bi, sai da amintaccen da ya san sirrin dukiyar, kuma zai iya jure matsin 'yan'uwa. Zubairu ya sami wannan a wurin Abdullahi. Bayan ya gama biyan bashin da aka sani, magada suka nemi a raba musu gado, sai ya rantse ba zai raba ba har sai ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere, cewa duk mai bin Zubairu bashi ya zo ya karɓa. Haka ya yi. Da shekarun suka cika ya fitar da sulusin wasiyya ya raba sauran, kowace ɗaya daga cikin matan Zubairu huɗu ta sami 1,200,000.